Dokta Mai Yawo Cikin Zamani, da Gwangwanayen da Aka Tsinta a Jos

Akwai wani wasan telebijin na yara da mutanen Ingila suka fara tun 1963, sunansa Doctor Who. Labarin wani tsoho ne mai akwati, wanda in ya shiga akwatin ya murɗa maɓalli sai ya fito a wani zamani dabam, ko shekara dubu baya, ko shekara dubu gaba. Da yawa cikin masu karatu ba su taɓa ganinsa ba. Waɗansu kuwa 'ya'yansu ne suka gamu da shi a waya. Duk da haka muna da hannu cikin labarinsa, mu mutanen ƙasar nan. Wani yanki na wasan ya ɓace wa masu shi kusan shekara arba'in, suka fid da zuciya, ashe yana kwance cikin ƙura a wani ɗaki a Jos. Kafin mu kai can, bari mu faɗi ko wane irin wasa ne.

Malamai biyu da wata yarinya

Ran Asabar 23 ga Nuwamba 1963, da ƙarfe biyar da kwata na yamma, gidan telebijin na BBC ya nuna kashi na farko. Ranar ba ta zo musu da sa'a ba, gama kwana ɗaya kafin nan aka harbe Shugaba Kennedy na Amurka, hankalin mutane duk yana can. Sai da suka maimaita kashin a Asabar ta gaba kafin su ci gaba da na biyu. Kowane kashi minti 25 ne, baƙi da fari, akan kuma yanke shi daidai inda hankalin mai kallo ya tashi, domin yaro ya ƙosa Asabar ta kewayo.

Sydney Newman, mutumin Kanada, shi ne shugaban sashen wasan kwaikwayo na BBC a lokacin, shi ya tsaya kan a yi wasan. Ya danƙa aikin a hannun Verity Lambert, mai shekara 27, wadda ita kaɗai ce mace mai shirya wasan kwaikwayo a gidan. Wanda ya bi da 'yan wasa a labarin farko kuwa Waris Hussein ne, haifaffen Indiya, mai shekara 24. Nufin Newman shi ne wasan ya zama makaranta a ɓoye. In an yi tafiya baya, yara su koyi tarihi. In an yi gaba, su koyi kimiyya. Har ya ja musu kunne kada su kawo masa dodanni masu ƙwala-ƙwalan idanu.

Domin wannan ne aka buɗe labarin da malamai biyu na wata makaranta a Landan, Ian mai koyar da kimiyya da Barbara mai koyar da tarihi. Suna da wata ɗaliba, Susan, wadda ta hana su sakat. Ta san abin da ya fi na littafin malam, amma ba ta san sule nawa ke cikin fam ɗaya ba. Da aka tambaye ta, ta ce ai ta ɗauka ana ƙirga kuɗi goma-goma, sa'an nan ta tuna ashe ba a soma wannan ba tukuna. Aji ya fashe da dariya. Ingila ba ta koma ƙirga kuɗi goma-goma ba sai 1971, mu kuwa a 1973 muka bar fam da sule da sisi da taro muka kama naira da kwabo. Yarinyar ba ta yi kuskure ba, ta riga kowa ne da shekara takwas.

Malaman suka bi ta a ɓoye har gida, kamar yadda malamin kirki yakan yi in al'amarin yaro ya dame shi. Suka tarar gidan filin jibge tarkace ne, babu kome ciki sai wani shuɗin akwati mai tsawon mutum. A Ingila ta wancan zamani akan kafa irin akwatin nan a bakin titi, da wayar tarho a jikinsa domin kiran 'yan sanda. Suka tura ƙofa. Ciki ya fi waje girma nesa ba kusa ba, ɗaki ne makeke cike da fitilu. Mai akwatin shi ne kakan Susan, tsoho mai saurin fushi da ake kira Dokta kawai, ba wanda ya san sunansa. Don tsoron kada su tona asirinsa sai ya ta da akwatin da su a ciki. Ba su ga ajinsu ba sai bayan shekara biyu.

Sunan akwatin Tardis. Bisa ga labarin, an yi shi ne ya riƙa sāke kama ya saje da duk inda ya sauka, ya zama dutse a daji ko ginshiƙi a fada. Amma na'urar ta lalace, ya maƙale a kamannin akwatin 'yan sanda. Gaskiyar magana, BBC ba ta da kuɗin ƙera sabon abu kowane mako. Dokta kuma bai iya tuƙa shi sosai ba, ko da yake ba ya yarda a faɗi haka. Zai ce ga su a Landan, su buɗe ƙofa su ga ƙanƙara ko raƙuma. Yawancin abin dariya na wasan daga nan yake fitowa: mutum ne mai ilmi kamar me, a cikin tsohuwar mota da ba ta jin magana.

Dariya a fadar Nero

Labaru uku na farkon shekarun sun isa su nuna irin wasan.

A na 1964 akwatin ya sauka a ƙasar Meziko zamanin mutanen Aztek, kafin zuwan Turawan Sifen. Mutanen suka ɗauki Barbara a kan wani babban firist nasu da ya mutu ya komo. Ita kuwa malamar tarihi ce, ta san suna yanka mutane hadaya, ta kuma san ƙarshen da ke jiransu. Ta ƙudura za ta yi amfani da girman da suka ba ta ta hana hadayar. Dokta ya ce mata ba ta da ikon sāke abin da ya riga ya auku. Ba ta ji ba. Ta tsai da hadaya ɗaya, sai wanda za a yanka ya ga an ci mutuncinsa, ya faɗo da kansa daga kan haikali. A ƙarshe mutum ɗaya tak ta iya juya wa zuciya. Ana cikin wannan nauyi, shi Dokta yana can lambu ya dafa wa wata dattijuwa koko, watau na cakulan, ba kokon gero namu ba, suka sha tare. Bai sani ba, a al'adarsu wanda ya yi haka ya nemi aure ke nan. Sai ga tsoho da baiko a wuyansa.

A farkon 1965 suka je Roma ta shekara ta 64 bayan haihuwar Almasihu. Aka kama Ian da Barbara aka sayar bayi, shi a jirgin ruwa yana tuƙi da filafili, ita a fadar Sarki Nero. Dokta kuma ya shiga fadar nan a kan shi wani shahararren mai kaɗa garaya ne, alhali ko tsirkiya ɗaya bai iya taɓawa ba. Da aka matsa masa ya yi kiɗa a wurin biki, ya ce kiɗansa mai laushi ne ƙwarai, sai mai kunnen gwaninta ke iya ji. Ya yi ta motsa yatsu a iska. Fadawa suka yi tsit, kowa na gyaɗa kai kada a ce shi ne marar kunne, suka tafa masa. Duk tsawon labarin shi da Barbara suna gida ɗaya, wannan ya fita ta ƙofar nan, waccan ta shigo ta ƙofar can, ba su taɓa haɗuwa ba. Daga baya Dokta ya riƙe tabarau a bayansa, hasken rana ya bi ta gilashin ya kunna wa taswirar sabon birnin da Nero ke so ya gina wuta. Nero ya dubi takarda tana ci, dabara ta faɗo masa.

Akwai wani bafade a labarin, Tabiyus, wanda ya sayi Barbara domin ya ga tana jinyar wata baiwa marar lafiya, shi ne kuma ya buɗe musu hanyar tsira. Ba a faɗi dalilinsa ba sai can ƙarshe, sa'ad da aka nuno shi riƙe da ɗan gicciye da yake ɓoyewa cikin riga. A nan iyaye suna da abin ƙarawa wanda wasan bai faɗa ba. Gobarar Roma ta watan Yuli 64 gaskiya ce. Masana da yawa ba su yarda Nero ne ya sa wutar ba. Amma Tasitus, marubucin tarihi na Romawa, ya rubuta cewa Nero ya ɗora wa masu bi laifin, ya kashe su da azaba iri iri. Watau yaro yana dariyar tabarau, bai san cewa irin su Tabiyus ne za su biya kuɗin gobarar ba. Wannan aikin uba ne ko uwa su gaya masa bayan an kashe telebijin.

Na uku shi ne The Time Meddler, na watan Yuli 1965, watau mai yi wa zamani karambani. Ku riƙe sunan nan, za mu sāke gamuwa da shi. Sun sauka a gaɓar teku ta arewacin Ingila a 1066, sai ɗaya daga cikinsu ya tsinci agogon hannu a daji. Daga gidan 'yan zuhudu da ke kan tudu ana jin muryoyin maza da yawa suna waƙar ibada. Dokta ya leƙa, ya tarar ba kowa, garmaho ne ke juya faifai. Mai gidan ɗan zuhudun ƙarya ne, ɗan ƙasarsu Dokta, shi ma da nasa akwatin. Yana da littafin da yake rubuta ayyukansa, ciki har da ajiye fam 200 a wani banki na Landan a 1968, sa'an nan ya tsallaka shekara 200 gaba ya karɓi kuɗin da ruwansu. Babban shirinsa shi ne ya nutsar da jiragen mayaƙan Bikin da ke zuwa daga arewa, domin sojan Sarki Harold su isa yaƙin Hastings ba gajiya su ci nasara. Ba mugu ba ne, a ganinsa gyara yake yi. Dokta bai kashe shi ba, bai ko mare shi ba. Ya zare wani abu ɗaya daga injin akwatinsa. Da mutumin ya sunkuya zai shiga, ya tarar ciki ya ƙanƙance, kansa kaɗai ke iya shiga. Aka bar shi a 1066 yana ihu.

Mun daɗe muna koyar da yara, mun kuwa lura ba abin da yaro ya fi so kamar a mai da jiya. In ya fasa tulu, ko ya faɗi jarrabawa, so yake a ce ba a yi ba. Wasan nan yana ba shi akwatin da zai kai shi jiya, sa'an nan ya nuna masa cewa ko ya je ba zai ɗinke abin da ya yage ba. Mai niyyar kirki kamar Barbara ta kāsa, mai wayo kamar ɗan zuhudun ƙarya ya maƙale. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce. Marubutan farko na wasan sun faɗi wannan da dariya, muna ganin kuma ya fi shiga kunnen yaro da haka.

Yara sukan tambaye mu a aji, “Malam, ana iya wannan tafiya da gaske?” Komawa baya dai ba wanda ya taɓa yi. Amma a 1905 Albert Einstein ya nuna cewa agogon da ke gudu yakan yi jinkiri a kan wanda ke zaune. A 1971 waɗansu masana biyu na Amurka suka ɗauki agogo masu tsananin daidaito a jirgin sama na fasinja suka kewaya duniya, suka tarar sun saɓa da na ƙasa, da abin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Hasken rana kuma yakan yi wajen minti 8 kafin ya iso mu, saboda haka ranar da muke gani ta minti 8 da suka wuce ce. Iyakar abin ke nan, sauran tatsuniya ce.

Dodanni sun kori malamai

Kunnen da Newman ya ja bai daɗe ba. A Disamba 1963, cikin labari na biyu, marubuci Terry Nation ya kawo waɗansu halittu da ake kira Dalek, kamar manyan gwangwanayen gishiri masu tafiya a kan taya, da ido ɗaya a bakin sanda da murya mai ƙara. Masu kallo suka haura zuwa miliyan 10. Daga nan magana ta ƙare. Ian da Barbara suka koma gida a 1965, a farkon 1967 kuma aka daina labarun tarihi zalla, sai guda ɗaya da aka yi a 1982. A ganinmu an yi hasara, amma mun san aji. Sa yaro ya zaɓa tsakanin sarkin da ya mutu da dodon da ke magana, ka ga wanda zai ɗauka.

Tsoro ya ƙaru har ya zama abin faɗi a Ingila cewa yara daga bayan kujera suke kallon wasan. Mary Whitehouse, wadda dā malamar makaranta ce, ta yi ta kai ƙara a kan wannan. A 1976 aka rufe wani kashi da hoton Dokta an danne kansa cikin ruwa, aka bar yara da wannan mako guda. Ta yi magana, shugaban BBC ya ba da haƙuri. Mutane da yawa sun yi mata ba'a, amma a wannan karo tana da gaskiya. Wanda aka farfaɗo da shi a 2005, bayan an tsai da shi a 1989, ya fi na dā ban tsoro da kuma zancen manya. Kada a bar ɗan shekara shida shi kaɗai da shi.

Wani abu kuma da yaran gidajenmu za su yi tambaya a kai shi ne sāke jikin Dokta. A 1966 William Hartnell, wanda ya fara fitowa a Dokta, ya yi rashin lafiya har ba ya iya riƙe maganarsa. Maimakon a rufe wasan sai marubuta suka ce ai irin mutanen su Dokta in jiki ya tsufa sukan sami sabo. Hartnell ya faɗi ƙasa, Patrick Troughton ya tashi, gajere mai yamutsattsen wando da sarewa a aljihu, mai nuna kamar wawa ne domin abokan gaba su raina shi. Ba koyarwar addini ba ce, dabarar sauya ɗan wasa ce, haka ya kamata a gaya wa yaro. Da dabarar nan aka yi ta sauyawa, har Jodie Whittaker ta zama mace ta farko da ta riƙe wasan daga 2017, Ncuti Gatwa haifaffen Ruwanda kuma ya riƙe daga 2023 zuwa 2025.

Yadda masu abu suka zubar da abinsu

A shekarun 1960 akan ɗauki wasa a kan babban tef mai faɗin inci biyu, mai tsada ƙwarai. In an nuna wasa sau ɗaya akan goge tef ɗin a ɗauki wani a kai. Yarjejeniya da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙayyade maimaitawa, ba kuwa wanda ke da bidiyo a gida balle a sayar masa. Da telebijin mai launi ya kankama a 1969 sai aka ga baƙi da fari ya zama tsohon yayi. Kafin a goge, akan kwafe wasan a fim irin na majigi domin sayar wa ƙasashen waje. Waɗannan ma, da aka ga ciniki ya ƙare, aka yi ta lalata su don a sami wuri a sito. Ba a daina ba sai 1978.

Cikin kashi 253 na shekara shida na farko, 106 ne babu su a farkon 2013. Labarin Marko Polo a hanyar ƙasar Sin, kashi bakwai, ko ɗaya bai tsira ba. Haka labarin kisan masu bi na Furotesta a Faris a 1572. Kashin da Hartnell ya zama Troughton ma ya tafi, sai ɗan guntun wurin sāke jikin, wanda ya tsira domin wani shirin yara ya taɓa aronsa.

Ga abin da ya fi ba mu mamaki. Muryar kowane kashi da ya ɓace tana nan, ba wanda ya rasa. Masu kallo ne a gida, waɗansunsu yara 'yan makaranta, suka riƙa ajiye rikoda kusa da telebijin ran Asabar suna roƙon 'yan gida su yi shiru. Ba wanda ya sa su, ba wanda ya biya su. Babban gida mai ma'aikata dubbai ya ga abin shara ne, yaro ya ga abin ajiya ne.

Hanyar da ta biyo ta ƙasarmu

Telebijin ya fara a Nijeriya a Ibadan a 1959, ya zo Kaduna a 1962, Jos kuwa ta sami tata tasha a tsakiyar shekarun 1970, zamanin Jihar Binuwai-Filato. Tashoshin nan sukan cika lokaci da wasannin da suka saya daga waje, Doctor Who na cikinsu. Ba a aiko wa kowace ƙasa sabon kwafi. Fim ɗaya ne ke yawo, wannan tasha ta nuna ta aika wa ta gaba, daga wata ƙasa zuwa wata. Tasha ta ƙarshe ita ce za ta mayar, ko ta lalata. Sau da yawa Nijeriya ce ƙarshen hanya.

A 1984 aka gano kashi 14 a nan ƙasar, 6 daga ciki BBC ba ta da su. Uku na labarin ɗan zuhudun ƙarya ne mai garmaho. Kafin nan kashi ɗaya kaɗai cikin huɗu ne ya rage a hannun BBC.

Babbar tsintuwa ita ce ta Jos. Wani Bature, Philip Morris, mai kamfanin bin sawun tsofaffin finafinai, ya bi takardun jigila tasha tasha har ya iso wani ɗakin ajiya na gidan telebijin a Jos. Ya ce ya share ƙura daga takardar da ke manne a jikin gwangwani sai ya ga sunan wasan. A Oktoba 2013 BBC ta sanar an dawo da kashi 11, 9 daga ciki waɗanda aka ɗauka sun hallaka. Ɓatattu suka sauko daga 106 zuwa 97 a lokacin. Fim ba ya son zafi da laima, yakan narke ya yi warin tsami. Waɗannan kuwa sun fito lafiya. Muna zaton sanyin Jos, mai tsawon wajen mita 1,200 bisa teku, ya taimaka. Mun kuma san akwai masu kula da sito da suka yi ta wucewa ta gaban gwangwanayen nan shekara da shekaru ba su zubar ba.

Labaru biyu ne, duka na Troughton. Na farko, The Enemy of the World, an fara nuna shi a ƙarshen 1967, yana ba da labarin shekarar 2018. Wani mutum mai suna Salamanda, mai kama da Dokta kamar an tsaga kara, ya sami hanyar tara hasken rana ya ƙara amfanin gona, duniya na yi masa kirarin mai ciyar da jama'a. A ɓoye kuwa ya tsare waɗansu mutane a ƙarƙashin ƙasa, ya ruɗe su cewa yaƙi ya cinye duniya, suna ta da masa girgizar ƙasa a inda yake so ya ci. Troughton ne ya fito a mutum biyun. Dā kashi na uku kaɗai aka sani, shi ne kuwa mafi sanyi a cikinsu, saboda haka aka daɗe ana raina labarin. Da aka ga sauran biyar ɗin sai ra'ayi ya juya. Ya fito daga Jos saura shekara biyar 2018 ta gaske ta iso, ga shi yanzu ita ma ta zama jiya.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna da namu: Samanja na Usman Baba Pategi a Kaduna, Karambana na Ƙasimu Yero, Karkuzu a Jos ɗin nan, da Tales by Moonlight da yara suka taso da shi tun 1984. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023. A gidajenmu kuma akwai kaset na bikin aure da na ƙungiyar mawaƙa cikin tsohuwar adaka, akwai kaka da ta san yadda aka kafa ƙauyen da sunan wanda ya haƙa rijiyar farko. Wayar da yaro ke kallon wasa da ita tana ɗaukar murya fiye da rikodar 1965. A ba shi aikin hutu ya zauna gaban kakarsa awa ɗaya, a kuma kwafe abin a wuri biyu, gama waya takan faɗa ruwa.

Labari na biyu na Jos shi ne The Web of Fear, na 1968, inda dodannin ƙarfe masu gashi suka mamaye ramukan jirgin ƙasa na ƙarƙashin Landan. Kashi shida ne. Na ɗaya yana hannun BBC tun dā, Jos ta ba da na biyu, na huɗu, na biyar da na shida. Na uku shi ne inda wani hafsan soja, Lethbridge-Stewart, ya fara bayyana, wanda ya zama babban abokin Dokta shekaru da yawa. A 2015 Morris ya ce gwangwanin na uku yana kan kanta tare da 'yan'uwansa ranar da ya fara ganinsu, amma kafin a gama shirin ɗauko su ya ɓace. A 2021 BBC ta fitar da kashin da zanen hotuna masu motsi, aka ɗora a kan muryar da wani mai kallo ya ɗauka a ɗakinsu ran wata Asabar ta Fabrairu 1968.